Faɗin Wanda Ya Kamu Da Annoba Tonon Asiri Ne? Tambaya Daga Irbid

Bismillahir Rahmanir Rahim.

'Yan'uwa, yau ba ci gaban darasinmu zan kawo ba. Wata tambaya ce ta shigo mini ta akwatin saƙo, na kwana uku ina juya ta a raina, na ga ta fi ƙarfin amsar layi biyu. Mai tambayar tsohon ɗalibina ne, ya yi karatu a garin Irbid da ke arewacin ƙasar Urdun, wato Jodan. Ya ba ni izinin in kawo maganar a fili bisa sharaɗin kada in ambaci sunansa.

A watan Maris na 2020 yana haya a ƙasan benen wani dattijo. Dattijon nan ya riƙe shi kamar ɗan cikinsa. Ranar Juma'a idan an yi mansaf, abincinsu na shinkafa da naman rago da miyar busasshen nono, sai an sauko masa da nasa. Shi yana kiransa "Ammu", wato Baffa, dattijon kuma yana ce masa "ya ibni". Sai korona ta shigo garin. Dattijon ya je wani taro wanda daga baya aka samu masu cutar a cikin mahalartansa, ya dawo da zazzaɓi da tari, ya hana iyalinsa faɗa wa kowa. Yaron nan yana kwance da dare yana jiyo tarin daga sama. Da ma'aikatan lafiya suka zo layin, suka tambaye shi ko ya san wani a ginin da ya je taron ko yake da alamu, sai ya nuna musu sama. Aka gwada, aka samu, motar asibiti ta zo ta ɗauki dattijon maƙwabta suna leƙe ta taga. Ya warke, alhamdulillahi, ya dawo gida. Amma daga ranar bai ƙara amsa sallamar yaron ba har ya gama karatu ya bar ƙasar.

Ga yadda ya rufe saƙon: "Malam, shekara biyu ina cin abincin mutumin nan. Har yau abin yana hana ni barci. Amanarsa na ci? Abin da na yi gulma ce?"

Kafin in ce komai, bari mu san halin da garin yake ciki, domin ba a yanke hukunci a kan abin da ba a san siffarsa ba. Ranar 13 ga Maris, 2020, an yi wani biki a Irbid cikin rufaffen ɗakin taro, mutum kusan 360. Wani daga cikin dangi na kusa ya dawo daga ƙasar Sifen kwana huɗu kafin bikin, ashe yana ɗauke da cutar. Duk wanda ya san bikin mutanen Sham ya san yadda ake yi: runguma, sumbatar kumatu, a jeru a riƙe hannun juna ana rawar dabka. Kimanin sa'a biyu aka yi aka watse. Daga baya likitoci suka bi sawun mahalarta, suka gwada 350, aka samu 76 sun kamu. Abin da ya fi tsaya mini a lissafin shi ne kusan rabin waɗannan, ranar da aka gwada su, babu tari babu zazzaɓi. Garau suke, suna shiga mutane, suna gaida tsofaffi. Ranar 21 ga watan aka kaɗa jiniya a faɗin ƙasar aka hana fita kwata-kwata, har ta kai ana raba wa mutane burodi a cikin motocin bas. Kafin watan ya ƙare sojoji sun rufe Irbid, ba shiga ba fita.

To ta yaya aka gano 76 ɗin nan? Ai ƙwayar cuta ba ta rubuta sunanta a goshi. Wasu mutane ne suka zauna aka tambaye su suka ba da amsa: wane ya zo, wance ta zo, ni kusa da wane na zauna.

Masu yin wannan tambaya sana'a ce da su mai zaman kanta. Likitan asibiti yana zaune ne mara lafiya ya same shi. Mai bin sawun annoba shi ke fita, da takarda da biro da kayan ɗaukar samfuri, kuma tambayoyinsa ba su wuce wa, ina, yaushe. Ma'aikatar Lafiya ta Urdun tun ƙarshen shekarun 1990 take horar da ma'aikata a wannan fanni tare da CDC, cibiyar yaƙi da cututtuka ta Amurka, kuma a Amman hedikwatar EMPHNET take, ƙungiyar da ke haɗa irin waɗannan shirye-shirye na ƙasashen yankin. Aikin nasu bai tsaya ga korona ba. A ƙarshen Yulin 2020, a yankin Ain al-Basha kusa da Amman, sama da mutum 800 suka kwashi amai da gudawa, yaro ɗan shekara biyar ya rasu. Aka bi gado-gado ana tambaya, me ka ci, a ina ka saya, ƙarfe nawa. Amsoshin suka taru a kan shawarma da aka karya wa farashi, naman kuma ba a adana shi cikin sanyi ba ga tsananin zafi. Da kowa ya ce shi ba zai ɓata wa mai shago suna ba, da an ci gaba da saye.

A can ana kiran waɗannan ma'aikata da Larabci firaƙut taƙassi. Taƙassi shi ne bin abu har ƙarshensa. Ku saurari yadda kalmar ta kusa da tajassus, wato leƙen asirin mutane, wanda Allah Ya haramta. A kunne kamar 'yan gida ɗaya. Tambayar ɗalibina gaba ɗaya tana tsakanin kalmomin nan biyu.

Ba zan raina damuwarsa ba, kuma kada ku raina. A Suratul Hujurat, aya ta 12, an hana bin diddigin asirin mutane kuma an hana gulma a wuri guda, har aka kamanta mai gulma da mai cin naman ɗan'uwansa matacce. Kuma ba za ka tsira da cewa "ai gaskiya na faɗa" ba, tunda Annabi (SAW) ya bayyana cewa gulma ita ce ka ambaci ɗan'uwanka da abin da yake ƙi alhali abin yana tare da shi. In babu shi tare da shi ma, wannan ƙage ne. Dattijon nan kuwa ya ƙi a ambata. Ga falalar sutura, da alkawarin cewa wanda ya rufa wa Musulmi asiri Allah zai rufa masa. Ga ƙissar Ma'izu, inda Annabi (SAW) ya nuna wa Hazzalu, wanda ya ba shi shawarar ya je ya faɗi laifinsa, cewa da ya lulluɓe shi da mayafinsa da ya fi masa alheri. Ga haƙƙin maƙwabtaka. Ga kuma abin da Larabawa ke kira burodi da gishiri, cewa wanda kuka ci abinci tare akwai alkawari a tsakaninku ko ba a furta ba. Mu ma mun san wannan. Yaron da zai yi abin da ya yi ya kwanta ya yi minshari ba tare da ko ɗar ba, ni shi ne zan fi jin tsoro.

Amma mu tsaya mu tambaya: me ake suturcewa? Ma'izu zunubi ya yi tsakaninsa da Ubangijinsa, ya wuce, rufe shi kuma ba zai jefa wani cikin halaka gobe ba. Sutura ta zo ne don a ba mai laifi filin tuba ba tare da an tozarta shi ba. Ciwo kuwa tun farko ba laifi ba ne, ballantana a ce ana ɓoye shi don a tuba. Jarrabawa ce da ake kankare zunubai da ita. Mu ne muka mayar da shi abin kunya, sannan muka dawo muna neman ayar sutura mu rufe kunyar da muka ƙirƙira da hannunmu.

Sannan ciwo iri biyu ne ta wannan fuska. Akwai wanda yake tsayawa a jikin mai shi. Mai ciwon suga, ko mai hawan jini, ko wanda aka yi wa aiki a wurin da ba ya son a sani, wannan sirrinsa ne shi kaɗai, kuma wanda ya yaɗa shi ba da izini ba ya yi gulma, ko da ya fake da "a sa shi a addu'a". Akwai kuma wanda ba ya tsayawa. Tarin da yaron nan yake jiyowa daga sama, matar dattijon tana shaƙarsa, jikokinsa suna shaƙarsa, mai shagon da yake sayen burodi a wurinsa yana shaƙa. Sirrin da ya riga ya shiga huhun wasu, ta yaya zai zama mallakin mutum ɗaya? Waɗancan ma suna da haƙƙi a cikinsa, sai dai ba su san suna da shi ba, kuma ba su cikin ɗakin lokacin da aka ce kowa ya yi shiru.

Malamai ba su bar wannan babi a buɗe ba. Imamun Nawawi a Riyadus Salihin ya kawo wurare shida da ambaton mutum a bayan idonsa yake halatta, daga ciki akwai gargaɗin Musulmi daga cutarwa. Fatima bintu Ƙais ta zo neman shawara a kan mutum biyu da suka nemi aurenta, Annabi (SAW) ya faɗa mata aibin kowannensu, ɗaya ba shi da dukiya, ɗaya kuma yana da zafin hannu. Idan an halatta wannan don kare auren mace ɗaya, ina ga ran mutanen layi guda? Majalisar Fiƙihu ta Ƙasa da Ƙasa, a zamanta na ƙasar Brunei a 1993, ta yi magana a kan sirrin aikin likita. Ta tabbatar cewa asali shi ne a ɓoye, amma ta ware inda ɓoyewar za ta jawo cutarwar da ta fi ta bayyanawa, kuma sanar da hukuma cuta mai yaɗuwa yana cikin abin da ta ambata.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne, ƙasar da yaron nan ya zauna a cikinta ita kanta makarantar wannan mas'ala ce. Idan ka gangara Kwarin Urdun, wanda suke kira Gaur, za ka tarar da kaburburan da ake jingina wa Abu Ubaida ɗan Jarrahu da Mu'azu ɗan Jabal da Shurahbilu ɗan Hasana, Allah Ya ƙara musu yarda. Annobar Amwas ce ta ɗauke su, wajen shekara ta 18 bayan Hijira, kuma masu tarihi suna ambaton mutum kusan 25,000 da suka rasu a cikinta. Mun saba kawo ƙissar Sayyidina Umar a Sargu, can kan iyakar Sham da Hijaz, don mu yi bayanin ƙaddara: yadda ya yi shawara da Muhajirai, sannan Ansar, sannan dattawan Ƙuraishawa, ya yanke komawa, Abu Ubaida ya tambaye shi ko gudun ƙaddara yake yi, ya ba shi amsa da misalin makiyayi mai zaɓi tsakanin gefen kwari mai ciyawa da busasshe, duk biyun kuma da ƙaddarar Allah. Sai Abdurrahman ɗan Aufu ya zo da hadisin hana shiga garin da annoba take da hana fita daga cikinsa.

Amma akwai wata gaɓa a farkon ƙissar da muke tsallakewa. Ta yaya Umar ya san akwai annoba? Shugabannin rundunonin ne suka taro shi a hanya suka faɗa masa. Suna iya yin shiru. Suna iya cewa kada a karya wa mutane zuciya, kada abokan gaba su ji rauninmu, kada a ce ƙasar da muke riƙe da ita ta lalace. Ba su yi ba. Duk shawarar da aka yi da hadisin da aka fitar, a kan wannan labari na gaskiya aka gina su. Hadisin kansa ma da jin labarin annoba ya fara, kuma ba a ji sai wani ya faɗa. Daga baya da jagoranci ya koma hannun Amru ɗan Asi, masu tarihi sun ce ya kamanta annobar da wuta mai ci idan ta samu makamashi, ya umarci mutane su warwatsu cikin duwatsu. Mutum ne da ya zuba ido ya ga yadda abin yake tafiya daga wannan zuwa wancan.

Bari in matso da ku kusa, zuwa Zarƙa, babban gari a gabas da Amman. A watan Afrilu na 2012, a wani asibitin gwamnati, wani ciwon huhu mai tsanani ya kama mutum goma sha uku, mafi yawansu ma'aikatan asibitin ne. Biyu suka rasu, wani matashi ɗalibin jami'a da wata ma'aikaciyar jinya, Allah Ya jiƙansu. Masu bincike suka zo, suka yi tambayoyi, suka ɗauki samfuri, aka gwada duk cututtukan da aka sani. Ba ko ɗaya. A nan suka yi abin da nake fata mu masu wa'azi mu koya: ba su laƙa wa abin sunan da ba nasa ba don a huta da tambaya. Suka rubuta cewa ba a gano sababi ba, suka adana samfuran cikin ƙanƙara. A watan Satumba na shekarar, wani likita ɗan Masar mai aiki a Jidda, Dakta Ali Muhammad Zaki, ya sanar da gano wata sabuwar ƙwayar cuta a jikin wani mara lafiya. Sai aka tuna da samfuran Zarƙa, aka gwada su a wani ɗakin bincike a Alƙahira, kafin ƙarshen shekarar aka tabbatar ita ce ta kashe mutum biyun nan. Ita ce cutar da aka sa wa suna MERS, wadda ake samu a jikin raƙuma. Ku lura, ba labarin nesa ba ne gare mu: alhazanmu suna zuwa Saudiyya inda ta fi yawa, kuma an samu ƙwayar a raƙuman da ake yankawa a mayankar Kano.

Shekara guda bayan abin ya lafa, masu bincike suka koma Zarƙa suna neman jinin waɗanda abin ya shafa da iyalansu da abokan aikinsu. Mutum 124 suka miƙa hannu, aka gano ƙarin bakwai da cutar ta taɓa shiga jikinsu. A cikinsu akwai wata baiwar Allah da take da ciki lokacin da ta kamu, cikin ya lalace, ta haifi ɗan ba rai. Ku yi tunani, 'yan'uwa mata musamman. Wane sirri ne ya fi wannan nauyi? Baƙi sun zo bayan shekara suna tayar mata da miki. Tana da ikon ta ce ba za ta yi magana ba, kuma babu mai zarginta. Ta yi magana. Bayaninta yana cikin na farko da suka nuna wa likitocin duniya cewa cutar nan haɗari ce ga mai juna biyu. An buga binciken, likitoci a ƙasashe sun karanta, kuma babu sunanta a ciki. Abin da ake buƙata ya fita, abin da ba a buƙata ya zauna a rufe. Wannan shi ne taƙassi. Mai tajassus suna yake nema, ciwon bai dame shi ba.

Saboda haka halaccin da nake magana a kai yana da iyaka, kuma a nan ne yawancinmu muke zamewa. Ka faɗa wa wanda zai iya yin wani abu a kai, gwargwadon abin da zai yi aiki da shi, da niyyar a ceci mara lafiyar da na kusa da shi. Ɗalibina ma'aikatan lafiya ya faɗa wa, su ne suka tambaye shi, kuma bai wuce nuna bene ba. Da a ce zauren WhatsApp na ɗalibai ya shiga ya rubuta "ku yi hankali da gidan wane", da amsata ta canza.

Na faɗi wannan ne ina jin kunya, domin ni na taɓa yi. Wata damina da amai da gudawa ya ɓarke a unguwarmu, aka turo mini saƙon murya ana cewa daga gidan wata mai sayar da abinci abin ya fito, har da sunanta da layinsu. Ban bincika ba. Na tura gaba, na ƙara da "a kiyaye, don Allah", ina ganin nasiha na yi. Da ma'aikatan lafiya suka bi sawu, rijiya ce a bayan layin da masai ya tsiyaya cikinta, kuma matar nan ita ma 'yarta tana kwance. An gyara rijiya cikin mako guda. Cinikinta bai dawo ba har shekara ta zagayo, marayu take ciyarwa da shi. Na je na nemi yafiyarta, ta ce, "Ba komai, Malam, Allah Ya yafe mana gaba ɗaya." Wallahi da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Wannan ya kawo ni ga tambayar da ɗalibina bai yi ba: me ya sa dattijon ya ɓoye? Ba mugu ba ne, mutumin da yake ciyar da baƙo shekara biyu. Tsoro ya ji. Ya san za a leƙo ta taga, ya san za a ce gidan wane ne ya kawo mana, wataƙila yana da 'ya'ya mata da ake neman aurensu. Jama'ar da take hukunta mara lafiya ita take koya wa mutanen kirki ƙarya, sannan ta dawo tana mamakin yadda annoba ta ƙi ƙarewa. Ku duba yadda magabata suka yi. A cikin tawagar Saƙifa akwai kuturu, Annabi (SAW) ya aika masa cewa an karɓi mubaya'arsa, ya koma. An nisanta jikinsa, ba a rage masa komai daga matsayinsa ba. A Muwaɗɗa Malik kuma, Sayyidina Umar ya ga wata kuturwa tana ɗawafi, ya kira ta da baiwar Allah, ya roƙe ta cikin lalama ta zauna a gida don kada mutane su cutu. Ta zauna. Bayan rasuwarsa wani ya ce mata wanda ya hana ta ya mutu, ta fito, ta ƙi, ta nuna cewa ba za ta bi shi yana raye ta saɓa masa yana matacce ba. Ina ganin da ya daka mata tsawa a gaban mutane, da ranar da aka binne shi ta fito.

Akwai wurin da ni kaina maganar take yi mini tsauri, kuma ba zan ɓoye muku ba. A Urdun, kamar wasu ƙasashen yankin, baƙon da aka samu da ƙwayar cuta mai karya garkuwar jiki ana sanar da hukuma, kuma ƙa'ida ita ce a fitar da shi daga ƙasar. Ƙungiyar Human Rights Watch ta yi rubutu a kan haka a 2020. Ƙasa ce mai baƙi da yawa, 'yan ƙwadago da 'yan gudun hijira, sansanin Za'atari kaɗai ya taɓa ɗaukar 'yan Siriya kusan 80,000. To ka ɗauki ɗan ƙwadagon da iyali goma suke jiran abin da zai aiko, yana zargin yana da cutar. In ya je gwaji ya rasa komai. In bai je ba, ba magani, jikinsa yana lalacewa, kuma wanda ba ya shan magani shi ya fi yaɗa ta. Ni zan ce masa wajibi ne ya nemi magani ta kowace halastacciyar hanya, kuma haramun ne ya kusanci mace ko ya aura ba tare da ta sani ba, wannan babu sassauci. Amma in ce wa abokin ɗakinsa ya je ya kai rahotonsa? Ba zan ce ba. Cutar ba a iska take tafiya ba, ba a kwanon abinci ba, kuma abin da zai biyo bayan rahoton kora ce, ba jinya ba. Dokar an yi ta da niyyar kariya, na yarda, amma a ganina tana tura cutar ne inda mai bin sawu ba zai gan ta ba. Kun ga kenan hukuncin yana juyawa da yadda cutar take yaɗuwa da kuma abin da za a yi wa mutumin idan an faɗa. Wanda ya karanta rubutun nan ya fita da "Malam ya ce a riƙa kai rahoton marasa lafiya", bai fahimce ni ba.

Yanzu gare ka, ɗana. Ba ka yi gulma ba, ba ka kuma ci amana ba. An tambaye ka a kan abin da rayuka suka rataya a kansa, cuta ce mai tafiya a numfashi, waɗanda suka tambaya su ne masu alhakin abin, kuma asibiti aka kai shi. Da ka ce ba ka sani ba, da ka yi ƙarya, kuma da matarsa ta kamu ta rasu, da yau wata tambayar kake aiko mini wadda ta fi wannan ɗaci. Abincin da ka ci a gidan ma hujja ce a gare ka, domin waɗanda suka dafa shi suna cikin waɗanda ka kare.

Sai dai akwai taki ɗaya da ka tsallake, kuma ina jin shi ne yake hana ka barci. Dare nawa ka yi kana jin tarin nan kafin ma'aikata su zo? Da ka hau, ko ka tsaya a bakin ƙofa daga nesa, ko ka kira shi a waya ka ce, "Ammu, ina jin tarinka, ina jin tsoro a kanka da Hajiya. Ka bari in kira su da kaina, ko ka kira. In kuma suka tambaye ni, ba zan iya yi musu ƙarya ba." Wataƙila ya yi faɗa. Wataƙila ya ƙi. Amma da ka ba shi damar ya zama shi ne ya fito da ƙafarsa, ba wanda aka nuna da yatsa ba, kuma ga dattijo a gaban maƙwabtansa wannan bambanci ba ƙarami ba ne. Yaro ne kai a lokacin, baƙo a ƙasar mutane, gari a rufe, ina yi maka uzuri. Ina faɗa ne don wanda zai tsinci kansa a irin wurin nan gaba.

Ka ce har yanzu kana da lambar babban ɗansa. Ka rubuta wa dattijon ta hannunsa, da Larabcin da ka koya a gidansu. Kada ka ba da haƙuri a kan faɗin gaskiya, don ba za ka ce ka yi nadamar abin da za ka sake yi ba. Ka ba da haƙuri a kan rashin zuwa wurinsa da farko, ka gode masa a kan mansaf ɗin Juma'a, ka tambayi jikinsa da na Hajiya. Zai iya amsawa, zai iya yin shiru. In ya amsa ka sanar da ni.

Wallahu a'alam.